Yadda Ake Koya wa Mutanen Gari Adana Harshensu Ba Tare da an Ci Amanarsu Ba

Idan ka bi hanyar Saminaka ko ka kutsa ƙauyukan Kauru a jihar Kaduna, za ka shiga gidan da kaka ke yi wa jikanta magana da harshen gida, shi kuma ya mayar mata da Hausa. Rabin abin da ta faɗa yake ji. Ɗan da zai haifa ko rabin ba zai ji ba. A haka harshen Sheni na ƙaramar hukumar Lere ya koma bakin tsofaffi 'yan ƙalilan, kuma ƙananan harsuna irin su Kono da Kaivi da Kinuku da Vono da Dungu ba su da tarin jama'ar da za su jure irin wannan zaizaya. Manyan ma, Tyap da Jju da Hyam da Adara, yaransu da aka haifa a unguwannin Kaduna irin Sabon Tasha ko Narayi da yawa Hausa da Turanci ne a bakinsu.

Gaskiyar da za ka haɗiye tun yanzu ita ce, harshen da ke cinye waɗannan harsuna shi ne wannan da nake rubutu da shi. Duk wanda ya shiga gari da Hausa a baki da rakoda a hannu, to mutane na kallonsa da wani ido. Shi ya sa na daina zuwa in ɗauka da kaina, na koma koya wa 'yan gari su ɗauka, su rubuta, su ajiye, su kuma yanke hukuncin wanda zai ji. Ga yadda nake yi.

Kayan aiki

Rakoda mai ɗaukar sauti a tsarin WAV, wato wanda ba ya matse sauti, irin Zoom H1n ko H4n. Ɗaya ga kowane mutum biyu ta isa. In babu, wayar hannu ma tana yi, amma a saka mata manhajar da ke ɗauka a WAV, a kuma sayi ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga. Kada a ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti ya zubar da abin da ba zai dawo ba.

Abin sauraro mai rufe kunne, soso ko gashin da ake sa wa makirfo don iska, batura masu yawa, katin ajiya biyu ga kowace rakoda, da ƙaramar sola ko fawabanki. Awa ɗaya ta WAV tana cin kusan megabait 700, sai ka yi lissafin katinka a kan haka.

Laftof guda, da faifan ajiya na waje guda biyu. A laftof ɗin a saka ELAN don rubuta magana daidai da sauti, da FLEx don tara ƙamus, da Keyman don baƙaƙen da allon rubutu ba shi da su. Duka kyauta ne, kuma suna aiki ba intanet. Ka sauke su tun daga Kaduna.

Sai babban littafi mai kwali da biro. Wannan littafi shi ne rajista, kuma ya fi laftof muhimmanci, domin ba ya neman caji. Ka haɗa da goro ko abin gaisuwar da aka saba a garin, da kuɗin motar mahalarta a ware a ambulan.

Mataki na 1: Sallama kafin rakoda

Zuwan farko ka bar kayan aiki a gida. Baƙon da babu sallama mugu ne. Ka fara da fadar sarki ko hakimi, sannan dagaci da mai unguwa, sannan shugabannin ƙungiyar ci gaban al'ummar, wadda sau da yawa manyanta a cikin garin Kaduna suke zaune. Ka ga fasto, ka ga limami, ka ga shugabar mata ko ta Zumuntar Mata. Wanda ka tsallake yau, shi zai tare maka hanya a wata na uku.

Ka koyi sunan da mutane ke kiran kansu kafin ka buɗe baki. Atyap ne, ba Kataf ba. Bajju, ba Kaje ba. Ham, ba Jaba ba. Adara, Gbagyi, Atsam, Gwong, Nikyob, a madadin Kadara, Gwari, Chawai, Kagoma da Kaninkon. Wani dattijon zai yi amfani da tsohon sunan da bakinsa idan yana Hausa, wannan tsakaninsa da sunansa ne, kai dai ka tambaya wanne suke so a rubuce. Haka kalmar yare. Mu muna faɗinta ba da nufin komai ba, amma mai ji yana jin cewa Hausa ce harshe, nasa kuwa yare. Ka ce harshe.

In ka ga ana jan jiki da kai, kada ka yi mamaki. Mutanen nan sun sha rubutu a kansu. A 1912 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Tremearne ya fitar da littafi a kan mutanen yankin Kagoro, tun daga sunan littafin ya kira su masu jela masu farautar kawuna. Bayan Turawa kuma ɗalibai sun yi ta zuwa suna cika takardun digiri, babu wanda ya dawo da ko shafi ɗaya. Ka faɗi a fili wane ne kai, wa ya ba ka kuɗi, nawa ne iyakar abin da za ka iya, kuma ka bar su su yi shawara bayan tafiyarka. In suka ce ba yanzu ba, ka yi godiya ka tafi.

Mataki na 2: Zaɓen waɗanda za a koyar

Mutum shida zuwa takwas. Fiye da haka taro ne. Kada ka bar wa mutum ɗaya zaɓen, ko da sarki ne, domin jerin zai dawo maka da 'ya'yan fada da ƙannensu. Ka nemi kowane ɓangare ya kawo nasa: unguwanni, zuriyoyi, Kirista da Musulmi in akwai duka. Aƙalla rabi su zama mata. Ba don a cika sharaɗin masu ba da tallafi ba: waƙoƙin niƙa, maganar haihuwa da jego, sunayen ganyayen miya da na magani, tsohuwa ba za ta zauna ta zayyana wa saurayi su ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar wanda ya fi iya Turanci da kwamfuta. Shi ne zai fara barin garin. Na taɓa damƙa laftof ɗin aiki ga wani yaro mai ƙwazo, takardar bautar ƙasa ta fito, ya tafi da shi da aikin wata huɗu a ciki. Ba sata ya yi ba, ni ne ban tsara ba. Yanzu ina haɗa matashi mai hannun na'ura da babba mai zama a gari, malamin firamare mai ritaya ko matar da ke da shago, su zama biyu-biyu.

Wurin horo ya zama makarantar firamare ko ɗakin taron gari, inda kowa zai shiga ba tare da tunanin addini ba. Lokaci kuwa bayan girbi. Da damina ba ka da kowa, a ƙasar Jaba da Kachia kuma ka kauce wa lokacin haƙar citta. In hanya ba ta da tsaro, kada ka sa ran kowa a haɗari saboda kalmomi. Ka yi horon a Kaduna tare da ƙungiyar garin, ka fara da tsofaffin da ke zaune wurin 'ya'yansu a Romi ko Gonin Gora ko Kakuri.

Mataki na 3: Maganar kuɗi da mallaka, tun ba a fara ba

A gaban kowa, ranar farko. Nawa za a ba mai ɗauka, nawa za a ba dattijon da ya bar gonarsa ya zauna. Ma'aunin da nake bi shi ne kuɗin ƙwadagon yini a gonar garin, kada a gaza shi, kada kuma a ninka shi har magana ta zama haja, kowa ya fara ƙirƙiro tatsuniya don ya karɓa. Mace da namiji kuɗi ɗaya. Kada ka yi alkawarin aiki, ko rijiya, ko cewa za a sa harshen a jarrabawa.

Sannan a rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya, da Hausa da harshen garin in zai yiwu. Ta faɗi cewa murya ta mai ita ce, tarin aikin na al'umma ne, rakoda da laftof za su zauna a garin a hannun wane, kuma kai mai koyarwa ba za ka buga ko ka ba wani ba sai da izinin kwamitin da al'umma za ta naɗa don kula da aikin. Sunan duk wanda ya ɗauka ko ya rubuta ko ya fassara zai fito a kan abin da aka wallafa, ba a dunƙule su cikin "godiya ga mutanen gari" ba.

Mataki na 4: Neman izini

A nan nake kashe yini guda cur cikin kwana biyar na horo, kuma ban taɓa nadama ba.

Matsalar ɗan gari ta bambanta da ta baƙo. Baƙo ana iya ce masa a'a. Jika kuwa in ya zo da rakoda, kakarsa ba za ta ƙi ba, kunya da ƙauna ba za su bar ta ba. Shi ma yana ganin ai kakarsa ce, izinin me? To wannan sauƙin shi ne tarkon.

Takardar sa hannu ba ta da amfani ga wanda ba ya karatu, kuma a wuraren da aka sha rikicin fili, dangwala yatsa a takarda abin tsoro ne. Izinin baki ake ɗauka, a cikin rakoda, da harshen mutumin, a farkon zama. Tambayoyin daban-daban ne, kowace da amsarta: Kin yarda a ɗauki muryarki? Hoto fa? Wa zai ji, 'yan gida kawai, ko duk gari, ko duk duniya? A faɗi sunanki ko a sakaya? In Allah ya yi miki rasuwa, wa za a tambaya? Yanzu na ƙara ta shida: kin yarda a ba kamfanonin da ke koya wa na'ura magana? Wanda ya yarda a sa shi a intanet bai yarda da wannan ba sai an tambaye shi.

"Duk duniya" ba ta da ma'ana sai an nuna. Ina sa ɗalibi ya buɗe wayarsa ya nuna wa tsohuwa bidiyon wani a Facebook, ya ce, "Mama, kin ga wannan? Haka ɗanki na Legas zai gan ki, haka ma surukarki, haka wanda ba ya ƙaunarki. In ya shiga nan ba ya fita." Nan ne za ka ga ta gyara zama ta yi tunani. Wata ta ce mana, "To tatsuniyar ku sa, waƙar ku bar min." Wannan amsa ta fi "duk yadda kuka yi daidai ne" daraja sau goma.

Na koyi wannan da wuya. Wata baiwar Allah ta rera mana waƙar niƙa mai daɗi, ɗalibina ya ji daɗi ya tura zauren WhatsApp na 'yan garin a daren. Ni ban ji harshen sosai ba, shi kuma yaro ne bai san tarihin gidan ba. Ashe habaici ne ga kishiyarta, kuma kishiyar tana raye, 'ya'yanta na cikin zauren. Sai da dagaci ya shiga tsakani. Magana zarar bunu ce. Tun daga nan doka ta farko a horona: babu abin da ke fita daga rakoda zuwa waya sai mai muryar ya saurara da kunnensa ya sake cewa e.

A yi gwaji a aji. Ɗaya ya zama kaka, ɗaya jika, ka raɗa wa mai wasan kaka ya ƙi. Abin da kake koyarwa shi ne karɓar a'a da fuska sake, ba tare da magiya ba. Yaro ƙarami kuma sai da yardar iyayensa da tasa. Ka sanar da su cewa mutum na da damar janye izininsa daga baya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi haka, ta kuma sa bayanin ƙabila da addini da lafiyar mutum cikin waɗanda ake taka-tsantsan da su.

Mataki na 5: Ɗaukar murya

Saita rakoda a WAV, kilohaz 48. Makirfo kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. Mai ɗauka ya sa abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe, domin kunnen mutum yana yafe ƙarar da rakoda ba ta yafewa: injin niƙa, janareto, zakara, babur, ruwa a kan kwano. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi ajin siminti, wanda ke amsa kuwwa. Da hunturu a juya wa iska baya. Waya a kashe ta ko a nisanta ta.

Babban kuskure a nan ba na na'ura ba ne. In aka yi tambaya da Hausa, da Hausa za a amsa. Na sha dawowa da awa guda ta dattijo yana ba da tarihin garinsu tiryan-tiryan da Hausa, harshen da muka je nema sai a gaisuwa. Maganinsa, mai tambaya ya yi da harshen ko da gurguwa ce, ko a zaunar da tsofaffi biyu su yi hirarsu, kai kuma baƙo ka fita waje ka sha iska. Zamanka kaɗai yana juya harshen mutane.

Kada a tsaya kan jerin kalmomi. Suna da amfani, akwai jerin ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL na kalmomi 1,700 da aka tsara don harsunan Afirka, amma harshe yana cikin yadda ake cinikin akuya, yadda ake gaisuwar mutuwa, yadda uwa ke yi wa yaro faɗa, yadda ake ɗaura rufin rumbu. Kuma kada ɗalibi ya gyara wa mai magana. In Baba ya ce "amma" ko "sai" a tsakiyar zancensa, a bar shi, haka ake magana a yau. Minti arba'in ya isa zama ɗaya, tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba.

Mataki na 6: Abin da ake kullewa, da wanda ba a ɗauka sam

A garuruwa da yawa na kudancin Kaduna akwai al'adar dodo, wadda Atyap ke kira Abwoi, mai sirrin da ba a faɗa wa mata da waɗanda ba a shigar ba. Akwai sirrin masu magani da na maharba. Wani dattijo zai so a ɗauka don kada ya mutu da shi, wani zai ce haram. Ba kai za ka raba wannan gardama ba, kuma kada kwaɗayin abu mai armashi ya sa ka zuga ɗalibai. In masu abin sun yarda, a ɗauka a kati daban, a rubuta wanda ya halatta ya ji. In sun rabu biyu, a bari. Wanda kuma ya ce shi ya bar waƙoƙin da saboda addininsa, kada a matsa masa.

Tarihin kafuwar gari ma wuta ne a rufe da toka. Wa ya fara zuwa, iyakar gona daga ina, gidan wa ke da sarauta: abin da ka ɗauka da sunan harshe gobe yana iya zama shaida a kotu. A ɗauki ruwayar kowane gida, a rubuta "inji wane", kada a fitar da ɗaya a ce ita ce tarihi. A wuraren da ake fama da masu garkuwa, kada a saki bidiyon da ke nuna gidan mutum, shanunsa ko hanyar shiga ƙauye.

Mataki na 7: Rajista da ajiya

A daren da aka ɗauka, ba gobe ba. Kowane fayil a ba shi suna mai lambar harshe da kwanan wata da lamba, misali kcg_20250312_01. Kcg ita ce lambar Tyap, kaj ta Jju, jab ta Hyam, kad ta Adara. A rajista a rubuta wannan suna, mai magana, shekarunsa, unguwarsa, wanda ya ɗauka, abin da aka yi magana a kai, da matsayin izini. Alama uku nake amfani da su: kowa, 'yan gari, kulle.

Kwafi uku: laftof, faifai ɗaya a garin a wani gida daban, faifai na biyu a wajen garin. Gobara da gara da ɓarawo ba sa neman izini. Don ajiya mai nisa akwai rumbunan adana harsuna irin ELAR, wanda ya tashi daga Landan ya koma birnin Barlin na Jamus a 2021, kuma yana ba da damar a kulle wasu fayiloli sai da izini. A gida ana iya tuntuɓar Gidan Arewa a Kaduna ko sashen harsuna na Jami'ar Ahmadu Bello. Ko ina ne, kwamiti ne zai yanke, bayan an karanta musu sharuɗɗan wurin da harshen da suke ji.

Mataki na 8: Rubutawa da fassara

Ka gaya musu gaskiya, aikin nan na cin rai. Sabon hannu yana iya kashe awa guda a kan minti ɗaya na magana. Ba dole a rubuta komai ba, a zaɓi mafi muhimmanci. In babu laftof, a kunna jimla, wani mai jin harshen ya maimaita a hankali, ya fassara da baki, a ɗauka a rakoda ta biyu. Wannan ma adanawa ce.

Kada ka ɗora musu ƙa'idar rubutun Hausa. Wasulanmu biyar ne a rubuce, yawancin waɗannan harsuna sun fi haka, shi ya sa za ka ga a̱ da i̱ masu layi a ƙasa a rubutun Tyap. Ka bincika ko akwai kwamitin harshe ko masu fassarar Littafi Mai Tsarki da suka riga suka tsara rubutu, a fara daga nan. In babu, a rubuta na wucin gadi, a bar tsayar da ƙa'ida ga taron al'umma, hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta ƙasa kuma ita ke amincewa da ita don makarantu. In unguwa biyu na furta kalma daban, a rubuta duka biyun da sunan inda aka ji. Ranar da ka ce wannan ne daidai, ka rasa rabin garin.

Mataki na 9: Mayar da kaya, da janye jiki

Kafin wata uku a mayar da wani abu hannun mutane. Kowane mai magana a ba shi muryarsa a katin waya. A kira taro da yamma a kunna waɗanda aka yarda kowa ya ji. A buga 'yar takarda mai shafi takwas ta kacici-kacici da karin magana a kai firamare. In matasa na son fita duniya, ga misalin masu jin Tyap da suka buɗe Wikipedia da harshensu a 2022, amma da fayilolin "kowa" kaɗai.

Daga nan ka fara raguwa. Horo na biyu ɗalibanka na farko su koyar, kai ka zauna a benci na baya ka riƙe bakinka ko sun yi abin da ba haka za ka yi ba. Kalmar sirrin laftof su canza ta, kada su faɗa maka. Rajista ta koma hannun sakataren kwamiti. In wani ɗalibin jami'a ya kira ka yana neman fayilolin, ka ba shi lambar sakataren, kuma in kai kanka kana son jimla biyu don wata takarda, ka rubuta wa kwamitin ka jira amsa.